Ranar da Kaka Tareza Ta Kira Sunan Ɗanta

Ba don a yi mini ta'aziyya na zauna rubuta wannan ba. An yi, na gode, ta ishe ni. Na rubuta ne domin masu tsoho ko tsohuwa a gida su ji abin da ya same mu, kuma domin akwai wata magana da Baffana yake yawo da ita tun ranar jana'iza, wadda in na yi shiru za ta zauna daram kamar gaskiya.

Kakata Tareza ta rasu a daminar bara, a ƙauyenmu da ke bayan Lakwaya. Ba wanda ya san shekarunta. Baffa ne ya yanke mata casa'in, don ya ga sun fi kyau a jikin atamfa. Ita ta raine ni tun da mahaifina, ɗanta na biyu, ya rasu ina goye, mahaifiyata kuma ta yi aure a wani gari. A ɗakinta na girma cikin warin daddawa, don da daddawa ta ciyar da 'ya'yanta bayan mijinta ya mutu ya bar ta da 'yar gona da akuya. Ta dafa kalwa, ta wanke, ta rufe, ta kirɓa, ranar kasuwa ta ɗora ƙwarya a ka ta nufi Gwarzo a ƙasa. Har ta tsufa tafin hannunta bai rabu da wannan wari ba, ni kuwa har yau in na ji shi a miya sai in tuna da ita.

Daga gidan Maguzawa ta fito. Ita ta bi cocin Katolika tana da goyon fari, ƙanenta Idi kuma ya musulunta, ya koma Durun ya zama Malam Idi. Ban taɓa jin sun yi faɗa a kan haka ba, sai dai tsokana. Shi ya ce carbinta bai cika ba, ita ta ce nasa yawa ne kawai, nata ya fi daɗewa a hannu. Duk Asabar ita ke share coci, ba wanda ya sa ta. Ungozoma ce kuma, ba ruwanta da gidan wa aka kira ta. Rabin samarin da ke cika masallacin unguwar ita ta yanke musu cibiya.

Amma akwai aikin da aka fi saninta da shi. Cocinmu ƙarami ne, ba mu da Fada, wato limamin coci, a zaune. Katikis ne ke ja mana addu'a, Fada yana can cocin gari yana zagaya ƙauyuka, sai a yi makonni bai leƙo mu ba. To in mutum ya kwanta ciwo, Kaka ce ke zuwa ta zauna a gefensa, ta dubi idonsa, ta taɓa ƙafarsa, sannan ta fito ta ce, "A kira Fada." Tun zamanin da sai an tura mai keke take wannan. Mutanenmu ba sa son jin kalmar, don a wurinsu in Fada ya shigo gida da 'yar kwalabar man shafewa, to an gama, sai haƙa kabari. Kaka ba ta damu da ɓacin ransu ba. Takan ce, "Mai ai ana shafa wa ko wanda ba ya ji. Furta zunubi kuwa sai mai harshe. Ku kira shi tun bakin yana nan." Da yawa sun tashi bayan an shafe su, suka koma gona, ita kuma ta riƙa nuna su da haɓa in ana gardama.

Sai abu na biyu da ya kamata ku sani. Kamar kowace Bahaushiya ta zamaninta, Kaka ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Sunansa Istifanus, ita kuwa "na Kano" take ce masa, don can ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa komai. Yana tsaye a gabanta za ta juyo ta ce da ni, "Sisi, ki tambayi na Kano ko ya ci abinci." Hatta waliyyin da ɗan nata ya ci sunansa, "mutumin kashegarin Kirsimeti" take ce masa, don ranar ake tunawa da shi. Muna yara dariya abin yake ba mu.

Shi ne Baffan da nake faɗa, mutum ne mai tumbi da ƙamshi, mai gaisawa da 'yan ƙauye da kan yatsu. Shi ya sayi kwanon rufin cocinmu, kuma bai taɓa bari ko ruwan sama ya manta ba.

Ciwon ya fara ne ana noman fari. Ciwon kai ta ƙeya, jiri in ta miƙe, ƙafafu suka kumbura har takalmin soso ya ƙi shiga. Mai kemis ya ce zazzaɓin damina ne, ya ƙulla mana ƙwayoyi kala-kala ba tare da ya ko ɗago kai ba. Muka sha mako muna ɗura mata maganin cutar da ba ta da ita. Wannan shi ne gargaɗina na farko: tsoho ya ce ƙeyarsa na sara, kada ku tsaya wurin mai shago, ku je a auna jininsa.

Wata safiya tana dama koko sai ludayi ya suɓuce daga hannunta. Na duba, na ga bakinta ya karkace gefe guda, tana magana kamar mai tuwo a baki. Na bar makarantar da nake koyarwa a Kabo tun ranar, muka tare motar kasuwa, aka sa ta a gaba kusa da direba. A asibiti muka yi layin kati, muka yi layin awo, muka zauna a benci har rana ta take. Wani mai tsaron ƙofa yana ta shigar da masu manyan riguna ta gefe, yana ce mana mu yi haƙuri. Kafin a kira mu bakin Kaka ya dawo daidai, har tana tambayar wata mai ciki da ke kusa da ita watanta nawa.

Likitar mace ce, 'yar siririya cikin hijabi, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Ta auna jinin, ta sake aunawa, ta ce hawan jini ne ya daɗe ba a sani ba. Ta rubuta magani, ta hana gishiri da kanwa. Sannan ta ajiye biro ta dube ni.

"Wannan ƙarami ne, sallama kawai ya yi," in ji ta. "Babban yana hanya, kuma in ya zo, sau da yawa da harshe yake farawa. Duk abin da Inna take son faɗa, ku bar ta ta faɗa yanzu."

Kaka ta ji sarai. Muna cikin mota a hanyar gida ta matse mini hannu ta ce, "Kin dai ji. A kira mini Fada."

Da yamma na tafi wurin katikis, Malam Markus. Mutumin da Kaka ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka. Ya saurare ni yana sosa wuya, ya ce, "Ai Sisiliya, gida da babba. Bari Oga Istifanus ya ce a kira, sai a kira." Na dubi kwanon rufin da ke sheƙi a bayansa, na gane da wa nake magana, na juyo.

Baffa ya zo ƙarshen mako da matarsa Anti Rahila, cikin babbar motarsa mai shiga taɓo. Ban ga 'ya'yan itace ko bargo ba. Abin da aka sauke daga bayan motar shi ne dilar atamfa, an buga fuskar Kaka a jiki, da rubutun bikin godiya na cika shekara casa'in, wanda ya shirya yi bayan girbi. Ya warware turmi ɗaya a tsakar gida yana tambayar mutane ko hoton ya fito. Na ja shi gefe na gaya masa abin da likita ta ce da abin da Kaka ta roƙa.

"Ita ta gaya miki?" ya ce. "To ni ba ta gaya mini ba."

Ya shiga ɗakin, ina biye, ya tsaya a kanta. "Inna, akwai abin da kike so?"

Ya san amsar kafin ya tambaya. Ya fi shekara sittin yana sane da cewa ba za ta buɗe baki ta roƙe shi ko ruwa ba. Kaka ta ja mayafi ta juya fuska bango.

"Kin gani ko?" ya ce da ni. "Ke ce kike neman jawo mata mutuwa da bakinki. A kira Fada da mai, gari ya ɗauka Inna ta tafi, alhali na riga na raba katin firogiram? Fada zai zo ranar godiya, ya yi mata komai gaba ɗaya."

Makonnin da suka biyo baya Kaka ta kwanta sosai, hannu ɗaya ya yi rauni, ni kuma na ga ikon Allah a wurin dangi. Kowa ya zo da abin da yake so ya ba ta, ba wanda ya zo da abin da ta roƙa. Anti Rahila ta jera kwalaben wani maganin kamfani da take tallansa, ta ce yana wanke jijiya, ta bar mini har da takardar farashi. Goggo Ladi, 'yar Kaka ta uku, ta kwaso wani mai addu'a daga birni da lasifikarsa, ya yi ta ihu a kan tsohuwa yana korar aljanu har kaji suka bar gidan. Da ya fita Kaka ta ce, "Sisi, wannan da wa yake faɗa?" Wani ya ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya. Wata ta ce tafarnuwa da zuma. Jikoki 'yan birni suka riƙa zuwa su durƙusa gefen gado, a ɗauki hoto, a tura wa dangi a waya, su goge gwiwa su shiga mota. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ake zubar da fo.

Kada in yi butulci, akwai waɗanda suka tsaya. Hajara maƙwabciyarmu, matar Alhaji Sani, kullum da safe takan zo ta kwashe zannuwan da Kaka ta ɓata, ta dawo da su a wanke a ninke, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Matan zumuntar coci suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta kawo kunu, waccan ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, su yi mata waƙoƙin da take so a hankali. Ɗaya daga cikinsu ce ta faki ido ta sa mini lambar Fada a waya.

Na kira shi. Bai ja magana ba, ya ce ranar Talata zai zo a babur. Kuskuren da aka yi shi ne an gaya wa katikis don ya shirya, shi kuwa bai iya kwana da maganar da Oga bai ji ba.

Ranar Talata tun da sassafe Kaka ta ce in yi mata wanka. Na ɗaura mata zanen zumunta da farin ɗankwali, na jingina ta da bango tana fuskantar ƙofa, carbi a hannunta mai lafiya. Ta ƙi koko, ta ƙi ko kurɓar ruwa, don haka aka koya musu a da, ba a sa komai a baki kafin a karɓi Jibi Mai Tsarki, gurasar da Fada ke bayarwa. Da ƙyar na lallaɓa ta ta haɗiye ƙwayar magani. Duk babur ɗin da ya wuce ta bayan danga sai ta ɗago kai. Na ga leɓenta na motsi, na ce addu'a take yi? Ta ce a'a, jera abin da za ta gaya masa take yi, kada ta manta. Na ce, "Kaka, ke wane zunubi gare ki?" Ta harare ni ta ce, "Ke Fada ce?"

Haka ta zauna har inuwa ta juya, har aka kira la'asar a masallacin su Hajara. Na kira Fada. Ya yi mamaki. Ya ce ai Baba Istifanus ya buga masa waya, ya ce jiki ya yi sauƙi sosai, kada ya sha wahalar hanya, a haɗa komai da bikin godiya. Shi kuma jin haka ya wuce taron Fadoji a Kano, ba zai fito ba sai wani mako. Ya ce akwai tsohon Fada da aka bari a gida, amma ba ya iya hawa babur, sai an je da mota, kuma da irin ruwan da ake yi ba kowace mota ce za ta shigo mana ba.

Ban san yadda na gaya mata ba. Ta sa hannu ta zare ɗankwalin ta miƙo mini ta ce in ninke. Ban taɓa jin na tsani mutum ba kamar yadda na tsani Baffa a wannan yammacin, kuma ba zan ɓoye ba, har yau bai gama fita ba.

Ranar Asabar Baffa ya zo da tela, wai a gwada wa dangi ɗinkin anko. A ranar ne Malam Idi ma ya zo daga Durun duba yayarsa, da sandarsa da 'yar ledar dabino. Ya shiga ya gaishe ta, suka daɗe, ya fito fuskarsa ba daɗi. Ya tarar da Baffa a tsakar gida tela na zagaya masa tumbi da tef.

"Istifanus, Yaya ta ce limaminku take so."

"Kawu, ai an shirya komai. Yana zuwa ranar biki."

"Mu dai in namu ya kai gargara, ba ma jiran a ɗinka anko kafin a laƙƙana masa kalmar shahada," in ji Malam Idi. "Ga mota a ƙofar gida. Mene ne wahalar?"

Baffa ya yi murmushin nan nasa na ofis. "Kawu, da girmanka, wannan harkar cocinmu ce. Kuma ni Inna ba ta ce mini komai ba. Ranar da ta ce, zan yi."

Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ina tsaye a bakinta da kwanon kunu, sai na ji motsi a bayana. Kaka ta dafa bango da hannu ɗaya ta ɗago, jijiyoyin wuyanta duk sun tashi. Ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Istifanus."

Tela ya saki tef. Hajara da ke shanya ta toshe baki. Duk wanda ke wurin ya san abin da wannan kalmar ta ci mata. Ta buɗe baki za ta ci gaba, leɓen ya yi motsi, ya sake motsi, ba abin da ya fito. Sai na ga gefen fuskarta ya zube, ta sulale, na jefar da kwanon na tare ta. Babban da likita ta faɗa ya iso, kuma da harshen ya fara.

A lokacin ne Baffa ya tuna yana da mota. Ya fita da gudu da rabin awo a jiki, kafin la'asar ya dawo da tsohon Fada, tayoyi duk taɓo. Tafiyar da aka yi makonni ana roƙo, ba ta ci masa ko wuni ba.

Fadan ya sa aka fita, ni kaɗai ya bari in tallafe ta. Idonta biyu, ta gane shi. Ya durƙusa da ƙyar, ya kara kunnensa a bakinta ya jira. Ya daɗe yana jira. Ina jin numfashinta yana fita da ƙarfi, tana ƙoƙari, hawaye na gangarowa ta gefen da bai mutu ba. A ƙarshe ya ɗago ya ce, "Mama, Ubangiji ya ji abin da harshe ya kasa." Ya yi mata addu'ar gafara, ya shafa mata mai a goshi da tafin hannu. Jibi kuwa ba ta iya haɗiya ba. Na gode wa wannan tsoho, kuma na yarda da abin da ya faɗa. Amma matar da ta yi rayuwarta tana tabbatar wa kowa ya samu Fada tun bakinsa yana nan, ita mai kawai ta samu.

Mun mayar da ita asibiti, suka sa mata robar abinci ta hanci, bayan 'yan kwanaki suka ce mu kai ta gida. Ta ƙara kusan mako biyu ba magana, muna juya ta, muna jiƙa mata leɓe da auduga. Ta cika wata safiya Hajara na shafa mata man kaɗanya a ƙafa.

Atamfar ba ta yi asara ba, kada ku damu. Ita aka sa ranar jana'iza, coci ya cika da fuskar Kaka da rubutun bikin godiya. Malam Idi da mutanen Durun da su Alhaji Sani suna tsaye a waje ƙarƙashin darbejiya. Aka ba Baffa lasifika a matsayinsa na babban ɗa. Ya yi dogon bayani a kan yadda ya tsaya tsayin daka har Inna ta samu shafewa kafin ta tafi. Sannan ya ciro hankici, muryarsa ta karye, ya ce, "Jama'a, kun san Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma kalmar ƙarshe da ta furta a duniya, sunana ne." Coci ya ɗauki "ayya", mata na share ido. Tun ranar duk inda ya zauna sai ya ba da labarin, kuma kullum da hankicin.

Ba ƙarya ya yi ba, sunansa ne. Abin da ba ya faɗa shi ne ɗan ragowar harshen da ta yi makonni tana tattali don Fada, a kansa ya tilasta mata ta ƙarar da shi.

Don haka in tsohonku ya roƙi abu yana kan gado, ko Fada ne, ko malami, ko wani ɗan'uwa da yake son su yafi juna, ku yi masa a ranar. Kada ku jira babban gida, kada ku jira biki. In kuwa kun san uwa tana jin kunyar ɗanta, kada ku bari ya fake da shirunta.

A rubutun nan na yi ta ce masa Baffa don ku gane wanda nake nufi. A gida kuwa tun ranar jana'iza ban sake ba. In ya zo ƙauye ba na haɗa ido da shi, ba na roƙonsa komai, in ta kama dole sai in ce da yara, "Ku tambayi na Kano ko ya ci abinci." Dangi suna ta yabona, wai Sisiliya ta gaji kunyar Kakarta. Na bar su a haka.